Tsinken Malafar da Ya Ƙi Fita

Akwai wani maƙerin farfaru a unguwarmu ta 'yan Kanada, a nan Providence, sunansa Adelard Bouchard. Shi da matarsa Delima suna hawa na biyu a gidan da muke haya, ni da maigidana muna samansu. Lokacin ban cika shekara da aure ba, kuma ni ba mai iya magana cikin mutane ba ce. Sai dai bututun murhunmu ɗaya ne da nasu, shi kuwa bututu ba ya riƙe sirri.

Da rana Adelard yana aiki a masana'antar zobba da 'yan kunne ta bakin kogi. In ya dawo sai ya zauna a bencinsa na cikin kicin, gefen taga, yana ƙera tsinken malafa. Kowa ya san hannunsa yana da kyau. Shi ma ya sani.

A shekarun nan malafar mata ta yi faɗin da sai an karkata ake shiga ƙofa. Ba abin da ke riƙe ta sai tsinken ƙarfe mai tsawon kusan kamu guda. A soka shi ta gefe ɗaya, ya ratsa cikin gashi, tsininsa ya ɓullo ta ɗaya gefen yana ƙyalli.

Wannan tsinin ne ya raba Ovide, ƙanen Adelard, da idonsa na hagu.

Ovide kwandasta ne a taragon lantarki. Wata rana an tashi daga masaƙa, wato masana'antar saƙa tufafi, tarago ya cika maƙil, direba ya ja birki, wata yarinya mai suna Alphonsine ta waiwayo a firgice, tsinin tsinkenta ya same shi. Shi ke nan. Likita ya yi iya yinsa, ido bai tsaya ba.

Yarinyar ta zo da miyar wake a kwano tana kuka. Ovide ya ce ya yafe. Adelard kuwa ya tare ta a kan matakala.

"Ki koma da miyarki. Miya tana mayar da ido?"

Tun daga ranar ya ɗauki alwashin sai ya ƙera tsinken da ba zai ƙara taɓa idon kowa ba. Niyya ce mai kyau. Abin da ya shiga cikinta ya ɓata ta shi ne fushi, don a wurinsa duk macen da ta ɗora malafa a kai tana da hannu a idon ƙanensa.

Da kaka ta ƙare ya fito da abin da ya ƙera. Wani ɗan murfi ne na tagulla, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ana murɗa shi a kan tsinin kamar murfin kwalba. Yana da wani kan mutum na katako da ya aro wurin mai ɗinkin malafa. A kansa yake gwadawa, a gaban idonsa, da hannu biyu, kusa da murhu. Ya murɗa, ya kwance, ya murɗa, ya kwance. Har sama nake jin dariyarsa.

Delima ce mace ta farko da ta sa shi.

Wata ranar Asabar na ji an ƙwanƙwasa ƙofata a hankali. Ita ce, ta dawo daga kasuwa, malafa na kanta, idonta ya yi ja.

"Ƙanwata, taimake ni ki cire mini wannan abin. Tun ɗazu nake fama, kaina kamar zai tsage."

Na zaunar da ita. Na murɗa murfin, sai tsinken gaba ɗaya ya juya tare da shi. Ashe sai an riƙe kan tsinken da ɗaya hannun. Na riƙe, na sake murɗawa, ta yi ƙara. Siraran gashi sun naɗe a cikin murɗin, sun cije. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa tsinke su da farce. Kafin malafar ta sauka ruwan da na ɗora a wuta ya ƙone ƙaf.

Delima tana da gashi har gadon baya, baƙi wuluk, tun tana yarinya almakashi bai taɓa shi ba. Ta zauna tana shafa wurin, ta ce kamar da kanta take magana:

"Yau ciwon kai ne. Ranar da bel ɗin inji ya kama malafar wata fa? Ko wani ɗan iska ya tare ta a lungu, ta kai hannu ta ji tsinkenta a kulle?"

Na miƙa mata malafarta, ta sauka.

Da yamma Ovide ya zo cin abinci kamar yadda ya saba. Na ji ƙarar cokula ta cikin bututu, sannan na ji muryar Delima a ƙasa-ƙasa.

"Maigida, murfin nan yana riƙewa da kyau. Sai dai ba ya cirowa da sauri."

"To ina za ki da sauri? Ai abin da nake so ke nan, kada ya fita."

"A bayan kai yake, ba na gani. Ga safar hannu. Da za ka yi wanda yake riƙewa amma in an ja ya saki, kamar toton kwalbar da Gwaggo Zelia take sa wa nata..."

Adelard ya fashe da dariya. Gwaggo Zelia tsohuwa ce da ke hawa na ƙasa, ta ƙarar da ƙuruciyarta a masaƙa. Tun da aka fara zancen za a kafa doka a kan tsinin tsinke, sai ta samo toton da ake toshe bakin kwalba ta soka wa nata, take yawo da shi.

"Toto! Tsohuwa tana tafe kamar kwalbar giyar da aka manta a kan kantar shago, shi kike so in kwaikwaya?"

"Ba kwaikwaya na ce ba. Ka dai sa malafar a kanka sau ɗaya, ka gwada."

"Ni? Malafar mata? Delima, kin sha wani abu ne?"

Ovide ya sa baki. "Yaya, ai za ta yi maka kyau. Ga gashin baki, ga gashin jimina. In ka shigo taragona kyauta zan ɗauke ka."

"Kai rufe mini baki."

"Wasa nake, amma matar Yaya ta yi gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne masu kan, ka tambaye su mana."

Na ji an buga tebur.

"Su ne suka cire maka ido, kuma su zan je in durƙusa wa in ce su koya mini aikina?"

"Idona ne, Yaya, ba naka ba. Ni na yafe. Kai dai ka bi a hankali, kada garin gyaran gira a rasa ido. Ni ba ni da na sakewa."

Ba wanda ya yi dariya. Daga nan sai ƙarar kwanuka.

Delima ba ta sake tayar da maganar ba. Dabara ta yi: in za ta fita sai ta murɗa murfin kaɗan, yadda zai fita da ta taɓa. Haka ta riƙa yi har bayan Kirsimeti. To wata rana suna cikin tarago ita da shi, murfi ya suɓuce, ya faɗi ƙasa, ya gangara tsakanin ƙafafun mutane. Wani mahauci da ya san Adelard ya ɗauka ya ɗaga sama.

"Bouchard! Ba wannan ne abin da ka ce ko guguwa ba ta cire shi ba?"

Tarago ya ɗauki dariya.

Ranar ban buƙaci bututu ba, duk gidan ya ji.

"Da gangan kika yi! Kin sassauta shi don ki kunyata ni!"

"Tsoro nake ji, Adelard. Tsoro kawai."

"Tsoron me? Abin da na ƙera da hannuna? Ki saurara. Ranar Kyandir duk matan unguwar nan za su taru a coci. Za ki sa babbar malafarki, da tsinke biyu, kuma ni zan ɗaura su da kaina. Kowa ya gani da idonsa."

Ranar Kyandir, a farkon Fabrairu, ita ce ranar da Fada yake sa wa kyandirori albarka, kowa ya kunna nasa, a zaga cikin coci da su, sannan a kai gida a ajiye don ranar hadari ko ranar rashin lafiya. A shekarar ta faɗo ranar Lahadi, don haka har 'yan masaƙa za su zo.

Ni dai da na ji ya ce kyandir, sai na tuna yadda na yi fama da murfin nan a kicin ɗina.

Safiyar ranar sanyi ya yi tsanani, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Na sauka in ari ƙwai, don a ranar kowane gida ana soya fanke bayan an dawo. Na tarar da Delima zaune a kan kujera, hannuwanta a cinya. Malafar baƙar karan-miski ce, da gashin jimina guda uku, ɗaya ya lanƙwaso ya sauko ta baya har kusa da wuya. Adelard yana tsaye a kanta. Ya soka tsinke ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, suka gitta a cikin gashi. Ya murɗa murafan da yatsa. Sannan ya miƙa hannu kan benci ya ɗauko filaya.

"Maigida, ba sai da filaya ba."

"Tsaya cik."

Ya ƙara wa kowanne murɗi. Na ji ƙarfen ya yi ƙara kaɗan. Ya mayar da filayar kan benci, ya kaɗe hannu.

"Yau in ga wanda zai yi dariya."

Delima ta ɗago ido ta dube ni ta cikin madubi.

A ƙofar gida muka haɗu da Gwaggo Zelia, toto a kan tsinkenta. Adelard ya ɗage hularsa.

"Gwaggo, an tashi lafiya? Wace kwalba aka bari a buɗe yau?"

"Taka, ɗan nan," in ji ta. "Tun da safe nake jin iska tana fita."

Coci ya cika har bakin ƙofa. Malafa tana gogar malafa. Aka raba kyandirori, wuta ta tashi daga gaba tana bin layi, wannan ya kunna wa wannan. Aka fara waƙa, muka fito daga kujeru muka shiga sahun zagaye.

Adelard da Delima suna gabana kaɗan. Tsakanina da su akwai wani tsoho mai rawar hannu. Ovide yana gefe da babban kwat ɗinsa na aiki, don daga coci zai wuce tarago. Gwaggo Zelia tana kusa da ni.

Ban iya yin waƙar ba. Idona yana kan gashin jiminar nan da ya sauko. Duk takun da Delima ta yi sai ya yi rawa. Kyandir ɗin tsohon yana matsowa, yana ja da baya, yana matsowa. Na ga Adelard yana waige-waige, yana duban ko mata sun lura da murafan tagullarsa.

Muka wuce gefen hagu lafiya. Muka zo kwanar baya, inda hanya ta matse saboda ginshiƙi. Na fara sakin numfashi.

Sai wani da ya makara ya turo babbar ƙofa. Iska ta shigo. Na gaba suka tsaya don kare wutarsu, na baya ba su sani ba suka ci gaba da tahowa. Aka ture tsohon.

Ƙauri na fara ji. Sannan na ga gashin jiminar ya naɗe ya yi baƙi, wuta ta bi shi sama kamar an ja ta da zare.

Ni da ko gaisuwa sai an matso ake jina, ban san lokacin da na ƙwala ihu ba.

"Delima! Wuta! Wuta a kanki!"

Ta yi abin da kowace mace za ta yi. Ta yar da kyandir, ta kai hannu ta kama kan tsinken, ta fizga. Da tsinken da muka saba ne, da malafar ta sauka kafin a ƙifta ido.

Bai fita ba.

Ta fizgi ɗayan. Bai fita ba. Ta kama gefen malafar da hannu biyu ta ja, gashinta ya biyo, ta kurma ihu.

Waƙa ta tsaya. Mata suka watse suna kare nasu kawunan, kyandirori suna faɗuwa ana tattakewa.

Adelard ya cafki murfin yana murɗawa. Tsinken ya juya tare da shi. Ya riƙe kan da ɗaya hannun, yatsunsa suka zame. Abin da filaya ta ɗaure yatsa ba ya kwance shi, filayar kuwa tana can gida a kan benci.

"Tsaya! Tsaya, zan cire! Yanzu zan cire!"

"Adelard, ina ƙonewa!"

Wuta ta cinye gashin jimina, ta kama karan-miskin. Da ya ga haka sai ya saki murfin, ya rungumi malafar da tafukan hannunsa biyu, yana matse wutar. Na ji ƙaurin fata. Bai saki ba.

"Yaya, kauce!"

Ovide ne. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓe kanta da hannuwan yayansa gaba ɗaya, ya danne. Delima ta durƙushe. Da ya ɗaga kwat ɗin harshen wuta ya mutu, amma hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin malafar. Audugar ciki tana ci, wayar da aka yi ƙashin malafar da ita ta yi zafi, kuma duk suna manne a kanta.

"Tana cina! Ku cire! Don Allah ku cire!"

Adelard ya sake kai hannu, yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa. Ya tsaya yana duban su kamar ba nasa ba.

Gwaggo Zelia ta ture shi da kafaɗa. Macen da ta yi aikin masaƙa ba ta rabuwa da ɗan almakashinta ko ranar Lahadi. Ta zaro shi daga aljihu.

"'Yata, gashi ko kai?"

"Yanke, Gwaggo!"

Ta cusa almakashin ƙarƙashin malafar. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. A cikin cocin nan da ya yi tsit ba abin da ake ji sai wannan. Ta ɗaga malafar gaba ɗaya, da gashin, da tsinkunan biyu a gicciye, ta miƙa wa Ovide. Ya ruga ya cilla ta waje cikin dusar ƙanƙara.

Delima tana durƙushe, kanta a buɗe a tsakiyar coci, abin da ba a taɓa gani ba. Na cire mayafin kafaɗata na rufa mata.

Da muka fito za a kai su wurin likita, na ga malafar a gefen matakala ta zama gawayi. Murafan tagullar nan biyu suna nan daram, ko motsi ba su yi ba. Adelard ma ya gani.

Ba a soya fanke a gidanmu ranar ba.

Allah ya taƙaita. Wutar ta ci kunnen Delima na dama da bayan wuyanta, amma fuska da ido sun tsira. Shi kuwa Adelard an naɗe masa hannuwan biyu har gwiwa. Likita ya ce za su warke, sai dai yatsun ba za su koma kamar da ba.

Kwanaki da yawa bututu ya yi shiru. Na zaci za ta tattara ta koma wurin iyayenta a Kanada, kuma da ta tafi ba wanda zai ga laifinta. Ba ta tafi ba. In na sauka kai musu miya sai in tarar da ita, kai ɗaure da ɗankwali, tana ba shi abinci a baki. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa gori ba. Amma ba ta yi masa murmushi ba. Shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita.

Wata rana ina ajiye tukunya na ji ya ce:

"Delima, da kin zage ni da ya fi mini sauƙi."

"Na sani. Buɗe bakinka, miyar tana hucewa."

Ya haɗiye. Hawaye suka bi ta cikin gashin bakinsa.

"Na kusa kashe ki da hannuna. Ki yafe mini." Ya share hawaye da kafaɗa. "Ranar nan... me kika ce game da toton Gwaggo?"

Ta ajiye cokalin.

"Na faɗa da baki, ba ka ji ba. Ba zan sake faɗa ba. Abu biyu na roƙe ka ranar, wanne ne na biyun?"

Ya daɗe yana duban ta. Sannan ya juyo wurina, karo na farko da ya taɓa yi mini magana kai tsaye.

"Maƙwabciya, ko za ki ara mini malafarki?"

Haka aka yi. Na sauko da malafata ta zuwa coci. Gwaggo Zelia ta hau da tarin gashin da take tarawa daga matajinta, irin wanda muke cusawa a ƙarƙashin kitso don ya yi tudu. Ta ɗaure masa shi a kai da ƙyalle, ta ɗora malafar, ta soka tsohon tsinkensa, ta murɗa murfin da yatsa kawai.

"To, ɗan nan, ga kwalba an toshe. Buɗe mu gani."

Ya kai hannu baya. Ya laluba. Ya kama nan, can ya juya. Gumi ya keto masa.

Daidai lokacin Ovide ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗage hularsa.

"Gafara dai, Madam. Ina neman yayana ne, ban san yana da baƙuwa ba. Madam tana da aure?"

Gwaggo ta yi dariya har da tari. Delima ta kai hannu bakinta, amma dariyar ta riga ta kuɓuce. Adelard bai yi ba. Ya sauke hannuwansa a hankali.

"Haka kike ji duk ranar da kika fita?"

"Haka nake ji."

"Kuma na ɗauko filaya."

Delima ta tashi ta kwance masa malafar.

Tun daga ranar kicin ɗinsu ya zama wurin taro. Matan gidan da na maƙwabta suna shigowa, kowacce tana faɗin nata. Wata ta ce toto yana da daɗin cirewa amma yana faɗuwa ya ɓata. Wata ta ce ita da hagu take sokawa. Wata ta ce duk abin da zai hana ta zaro tsinkenta a lungu, ya riƙe kayansa. Adelard yana zaune, malafa a kai, yana cewa, "Sake faɗa, ban gane ba."

Da yake hannunsa ba ya riƙe zarto, Delima ce ta zauna a bencin. Yana faɗa mata inda za ta goge, ita kuma tana faɗa masa inda ya yi kuskure. Suka bar murɗi gaba ɗaya. Suka yi murfi mai ɗan harshen ƙarfe a ciki, wanda yake cije tsinin da an tura shi. In an buge shi ta waje ba ya motsi, in an ja tsinken ta kai sai ya saki. Suka sa masa 'yar sarƙa da ake ɗinke ta a jikin malafar don kada ya faɗi. Na farko ya yi tauri, na biyu ya yi sako-sako, suka yi ta ɓatawa suna sakewa har ƙanƙara ta fara narkewa.

Ranar da aka kwance masa hannu, yatsunsa sun ƙanƙance, fatar tana sheƙi. Ya sa aka ɗora masa malafa, aka soka sabon tsinken.

"Ovide, zo ka buge shi."

Ovide ya matso ya goga kumatunsa a kan murfin, ta gefen idonsa mai gani. Ya ture shi da kafaɗa kamar a cikin tarago. Murfi bai motsa ba.

"Delima, ba ni safar hannunki ta sanyi."

Ta zura masa iya inda ta shiga. Ya rufe ido. Ya mayar da hannun hagu bayansa.

"In waɗannan yatsun suka cire shi, kowa zai cire. Gwaggo, ki ce wuta."

Na ga Delima ta kai hannu kan tabon wuyanta.

"Wuta!"

Ya kai hannu, ya ja. Tsinke ya fito sumul, murfin yana lilo a jikin sarƙarsa, malafata ta gangara ƙasa har ƙarƙashin tebur.

Delima ta zauna a kan kujera ta rufe fuska. Wannan ne karo na farko da na ga ta yi kuka tun ranar Kyandir.

Washegari Adelard ya sa rigarsa ta Lahadi, ya sa Ovide ya nuna masa gidan Alphonsine, yarinyar da ya kora a kan matakala. Ita ya kai wa tsinken farko. Ovide ya ce Yaya ya daɗe tsaye a ƙofa, hula a hannu, kafin ya iya cewa, "Ni ma na san yadda abin yake yanzu."

Na biyun na Delima ne. Ba ta sa shi ba tukuna, don gashinta bai kai tsawon da zai riƙe tsinke ba, yanzu ne ya fara rufe kunne. Yana nan ajiye a kan tebur, kusa da guntun kyandir ɗin da ta yar a coci, wanda Ovide ya tsinto mata. Duk ranar Lahadi Adelard yakan tsaya a bayanta a gaban madubi ya auna gashin da yatsunsa masu tabo, ya ce, "Saura kaɗan."

Ita kuma ta ce, "Wa ya tambaye ka? Mai kan ce za ta faɗa."

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta isa ba in girman kai ya toshe kunne. Duk abin da za ka yi don kare wani, ka fara tambayar wanda zai ɗauke shi a kansa, don shi ya san inda yake ciwo. Kuma kada fushin abin da ya wuce ya hana ka jin wanda yake faɗa maka gaskiya a hankali. Wanda ya ƙi jin magana da kunne, zai ji ta a jikinsa, wani lokacin ma a jikin wanda ya fi so. Ku isar da labarin nan ga 'yan'uwa da maƙwabta, musamman masu cewa "na fi kowa sani", ko Allah zai sa wani ya ajiye filayarsa tun kafin a kunna kyandir.